Kawar da Ciyawa Mai Naci Ba Tare da Maganin Feshi Ba: Jagora ga Manoman Katsina da Daura

A 'yan shekarun nan tankin feshi ya shiga kusan kowane ƙauye a ƙasar Katsina da Daura, har manoma da yawa sun fara ɗauka cewa ba a iya riƙe gona sai da shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin kuɗin ƙwadago ya yi tsada, matasa sun ragu a ƙauye, kuma mutum ɗaya da tanki a bayansa yakan gama cikin yini aikin da zai ci wa masu fartanya kwanaki. Sai dai duk wanda ya lura zai ga cewa ciyayin da suka fi addabar mu, wato wuta-wuta da aya-aya da kiri-kiri, suna nan daram a gonakin da ake fesawa kowace damina, wasu wuraren ma ƙaruwa suka yi. Wasu daga cikin magungunan da ke kasuwanninmu ganye kawai suke ƙonawa, alhali ran waɗannan ciyayi yana ƙarƙashin ƙasa, inda irin wannan feshi ba ya kaiwa.

Ga kuma haɗarin da ke tattare da shi. Maganin nan paraquat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, ba shi da makari idan ya shiga cikin mutum, kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. A nan kuwa matashi ne zai goya tanki mai yoyo, babu takalmi, babu safar hannu, babu abin rufe hanci, sannan a wanke robar maganin a ci gaba da amfani da ita a gida. Feshin ba ya bambanta ciyawa da rama, ko lalo, ko tafasa, ko yakuwar da mata ke tsinka a bakin gona, kuma ciyawar da aka fesa ba ta da amfani ga akuya da tunkiya. Abin da zan shimfiɗa a nan hanya ce ta haƙuri wadda ke bin lokutan shekara, kuma ina da yaƙinin cewa ita ce ke rage ciyawa mai naci da gaske, ko da yake ba a damina ɗaya take nuna amfaninta ba.

Mataki na farko: a gane inda ran kowace ciyawa yake

Kafin a ɗauki fartanya, ya kamata manomi ya zagaya gonarsa a tsakiyar damina da kuma gab da kaka, ya lura da irin ciyawar da ke kowane sashe, ya kafa turaku ko ya tara duwatsu a wuraren da ta fi yawa, domin idan rani ya shiga ƙasa ta bushe ba zai ƙara gane su ba. Wannan alama ita za ta hana shi ɓata ƙarfinsa a kan gona gaba ɗaya, alhali cutar a wasu tsiraran wurare take.

Ciyayin da ke damun mu kashi uku ne. Akwai masu rayuwa ta hanyar iri kawai, kamar ƙarangiya, kashin yawo, tsidau, harƙiya da guɗe-guɗe, waɗanda suke mutuwa da kansu a ƙarshen damina bayan sun zubar da irin baɗi. Akwai masu ajiye ƙarfinsu a ƙarƙashin ƙasa, kamar aya-aya mai ƙwaya, da kiri-kiri mai jijiya, da tofa wadda aka fi gani a fadamu da kudancin jihar. Sai kuma mai cin jinin amfanin gona, wato wuta-wuta, da wasu ke kira ƙuduji, wadda ba ta iya rayuwa sai ta manne wa saiwar dawa ko gero ko masara. Dabarar da ke kashe kashi ɗaya tana iya yaɗa wani, kuma wannan ne ya sa mutum zai yi noma har uku a gona guda amma ya ga kamar shuka ciyawar ya yi.

Mataki na biyu: aikin kaka, a hana iri zuba

Yaƙi da ciyawa a kaka yake farawa, a daidai lokacin da yawancinmu muke ganin aiki ya ƙare. Bayan an girbe gero a watan Satumba, mutane sukan juya wa gona baya, sai wuta-wuta ta samu sarari ta yi fure a gindin dawa da maiwa da suka rage, ta nuna, ta zubar da iri ba mai tsangwamarta. Tushe ɗaya na wuta-wuta yana iya ba da iri fiye da 50,000, irin kuma ya fi ƙwayar rairayi ƙanƙanta, yana kuma iya kwanciya a ƙasa da ransa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar hatsi. Saboda haka tushe ɗaya da aka bari bana bashi ne da za a daɗe ana biya.

Lokacin cire ta shi ne sa'ad da furenta mai ruwan hoda ya fara buɗewa, kafin ƙwanson irin ya ƙulla. Idan aka yi gaggawar cire ta tana ƙarama, takan tsinke a wuya ta sake tohowa, idan kuma aka makara har ƙwanso ya bushe, girgizar cirewar ma ita za ta barbaɗa irin. A riƙa cirewa da hannu daga tushe, a jefa cikin buhu nan take, kada a yar a kwarin kunya kamar yadda ake yi wa sauran ciyawa, domin wadda ta riga ta yi fure tana iya ƙarasa nunar da irinta ko bayan an tumɓuke ta. A kai buhunan wani rami a gefen gona, a shanya a ciki, a ƙone, a binne tokar. Kada a ba dabbobi, kada kuma a zuba a juji. Tun da ba rana ɗaya take fitowa ba, sai a riƙa komawa duk bayan mako biyu har ƙasa ta bushe.

Dole a faɗi gaskiya a nan: cirewar ba za ta ceci hatsin bana ba. Wuta-wuta takan yi makonni tana tsotsar saiwa a ɓoye kafin ta leƙo waje, kuma kafin a gan ta ta riga ta yi mafi yawan ɓarnarta. Wanda ke cire ta, gonar baɗi da ta baɗin baɗaɗa yake yi wa aiki, kuma rashin fahimtar haka ne ke sa wasu su yi shekara ɗaya su ce ba su ga amfani ba, su daina.

A lokacin girbi kuma a kula da inda ake ajiye zangarniya. Idan aka kwantar da dawa a ƙasar da wuta-wuta ta zubar da iri, irin zai manne a jikinta, ya bi ta har rumbu, ya kuma dawo gona tare da irin shuka. Wanda za a ajiye domin iri, a yanke shi tun yana tsaye daga sashen gona mai tsabta, a sa a buhu ko a kan tabarma. Haka nan kara da harawar da aka kwaso daga gona mai cuta suna ɗauke da irin, dabbobi su ci, wani daga cikin irin ya fita cikin kashinsu da ransa, a kwashe a matsayin taki a kai wata gonar da ba ta taɓa sanin wuta-wuta ba.

Ƙarangiya da kashin yawo da tsidau ma a wannan lokaci ake gamawa da su, ta hanyar sare su kafin ƙayarsu ta ƙosa. Waɗanda suka riga suka zubar, akan iya jan tsohon bargo ko buhun algarara a kan wurin, ƙayar ta maƙale, a ƙone.

Mataki na uku: a ba rana aiki a kan aya-aya da kiri-kiri

Babu makamin da muke da shi a arewacin Katsina da ya kai zafin rana da bushewar iska, kuma kyauta ne. Ƙwayar aya-aya tana jure ruwa da fari matuƙar tana binne, amma idan aka fito da ita sarari ta sha rana ta bushe sosai, mutuwa take yi. Ƙwayoyin a jere suke a ƙarƙashin ƙasa kamar carbi, jijiya siririya ta haɗa su, mafi yawansu kuma ba su wuce zurfin taƙi ɗaya ba. Muddin jerin yana haɗe, 'yan kaɗan ne ke tohowa, sauran suna barci, amma da zarar fartanya ko haron tarakta ta tsinka jijiyar a cikin danshi, sai kowace ƙwaya ta farka ta zama tushe mai zaman kansa. Wannan ne ya sa kaftun damina yake ƙara aya-aya, kaftun rani kuwa yake rage ta.

Ga yadda ake yi. Da zarar an kwashe amfani, tun ƙasa tana da ɗan laushin da galma za ta shiga, a kafce wuraren da aka yi wa alama zuwa zurfin santimita 20 ko fiye, a juya ƙasar a bar ta hoge-hoge, kada a farfasa, kada a baje. Bayan mako biyu a sake juyawa domin ƙwayoyin da ke ƙasa su hau sama, a bi da manjagara ana tsince abin da ya fito ana tarawa a buhu. A maimaita sau biyu ko uku a cikin rani, na ƙarshe ya faɗo a bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce. Mai lambu a fadama, ko a gefen madatsun ruwa irin su Jibiya, Ajiwa, Zobe da Sabke, sai ya daure ya hana sashen da ya fi lalacewa ruwa na tsawon bazara ɗaya, domin fangalin da ake ba ruwa shekara zagaye shi ne gidan aya-aya.

Akwai gargaɗi ga masu gonar jigawa a wajen Daura, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure. Ƙasar rairayi idan aka kafce ta gaba ɗaya aka bar ta tsirara, iskar hunturu da guguwar farkon damina za su kwashe samanta, wanda shi ne mai albarkar. Don haka kaftun rani na wuraren da aka yi wa alama ne kawai, sauran gonar kuwa a bar mata kararenta a kwance.

Kiri-kiri ma haka take, sai dai ita da jijiya take tafiya, a sama da ƙasa, kuma kowace gaɓa da ta taɓa danshi sai ta yi saiwa. Kada a saka haro mai yankawa a wurin da take, domin yayyanka ta zai yi ya rarraba ko'ina. A ɗaga ƙasar da diga ko galma, a ja jijiyoyin da tsayinsu, a karkaɗe, a shanya a kan dutse ko a rataye a kan darni har su bushe ƙayau. Bayan sun bushe ana iya ba dabbobi, domin abinci ce mai kyau gare su. Tofa kuwa kada a yi mata wuta da nufin kashe ta, domin wuta ganye take ci, jijiyar kuma ta fito da sabon tsiro mai ƙarfi, har ta yi fure. Ita ma tono da shanya take so, sannan a bi ta da inuwa, kamar yadda zan yi bayani a gaba. Wanda ya noma ayar ci a gonarsa bara shi ma ya tsince ragowar sosai, domin abin da ya saura a ƙasa ciyawa zai zame wa shukar da ta biyo baya.

Mataki na huɗu: taki, amma wanda ya dahu

Wuta-wuta ciyawar gajiyayyar ƙasa ce. Idan hatsi yana cikin yunwa, saiwarsa takan ƙara fitar da wani sinadari wanda shi ne ke tada irin wuta-wuta daga barci, idan kuwa ƙasa tana da ƙarfi sinadarin yakan ragu, hatsin kuma ya samu ƙwarin jure wadda ta kama shi. Duk manomin da ke da gawo a gonarsa ya san cewa geron gindinsa ya fi kyau, kuma gonakin karkara da ke kusa da gida, masu samun shara da kashin dabbobi, ba su cika shan wahalar da gonakin daji ke sha ba. Saboda haka ƙara wa ƙasa ƙarfi wani ɓangare ne na yaƙi da ciyawa, kuma sare gawo domin itace asara ce babba.

Matsalar ita ce ɗanyen taki shi ne amalanken da ke kai irin ciyawa gona. Maganinta a dafa takin kafin a fitar da shi. A samu wuri mai inuwa, a haƙa rami ko a yi tsibi wanda faɗinsa da tsayinsa ba su gaza mita 1 ba, domin ƙaramin tsibi ba ya riƙe zafi. A shimfiɗa busasshen kara da aka sassara ko ƙaiƙayi, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a ci gaba da jerawa haka har ya cika, sannan a rufe da tsohuwar tabarma ko buhuna. Danshin da ake so shi ne wanda idan aka damƙa takin zai dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba. Bayan 'yan kwanaki a soka ƙarfe a tsakiya, a bar shi ɗan lokaci, a zaro. Idan ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa da daɗi, to aiki yana tafiya, domin zafin digiri 55 zuwa 60 yana kashe mafi yawan irin ciyawa. A juya duk bayan mako biyu, na gefe ya koma tsakiya, a ƙara ruwa idan ya bushe. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, wari ya tafi. Duk da haka kada a yarda a saka wuta-wuta mai fure ko ƙwayar aya-aya a ciki, domin ba kowane lungu na tsibi ne zafi ke kaiwa ba.

Idan takin bai isa gona duka ba, kuma da wuya ya isa, a zuba cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka maimakon a watsa, a fara da wuraren da wuta-wuta ta fi yawa. Mai halin sayen takin zamani kaɗan yana iya ƙara cikin marfin kwalba na NPK a gefen kowane rami, ba a jikin iri ba, dabarar da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai suna ICRISAT ta daɗe tana koyarwa a ƙasashen Sahel.

Mataki na biyar: zaɓen iri da sauya shuka

A nan ne babbar dabarar wuta-wuta take, kuma ita ce na fi so manoma su riƙe. Irin wuta-wuta idan ya tsiro, kwanaki kaɗan gare shi ya samu saiwar da zai kama, in bai samu ba ya mutu. Akwai amfanin gona da saiwarsu ke fitar da sinadarin da ke tada irin, amma wuta-wutar hatsi ba ta iya manne musu, sai ta tsiro a banza ta mutu a cikin ƙasa. Daga cikinsu akwai waken suya, gyaɗa, auduga, wake da wasu nau'o'in riɗi. Duk daminar da aka shuka ɗayansu zalla a gona mai cuta, an rage tarin irin da ke kwance, kuma ba a bar sabo ya zuba ba.

Sashen da wuta-wuta ta cinye, a ɗauke masa hatsi gaba ɗaya na damina biyu a jere, uku ma ta fi idan da hali. Sauya dawa da gero ko masara ba sauyi ba ne, domin duka ukun abincinta ne. A kudancin jihar, wajen Funtuwa, Bakori da Malumfashi, inda ruwa ya fi yawa, waken suya da auduga sun dace, kuma nau'in waken suya TGx 1448-2E sananne ne a wannan aiki. A arewa inda damina gajeriya ce, gyaɗa da riɗi da wake sun fi tabbas. Na san cewa magidanci mai gona ɗaya ba zai iya barin hatsi ba, domin rumbu shi ne rufin asirin gida. Shi sai ya raba gonar uku, kowace shekara kashi ɗaya ya huta da hatsi, yana zagayawa, ko kuma ya bi tsarin layi 2 na hatsi da layi 4 na wake da cibiyar binciken noma ta IITA, reshen Kano, ta yaɗa, yana musanya wuraren layukan kowace damina.

Sai dai wake yana da tasa wuta-wutar daban, gajeriya mai rassa da yawa, wadda ba ta kama hatsi amma tana iya tsayar da wake cak, kuma ta fi yawa a ƙasar rairayi irin tamu. Inda take, a nemi nau'in da ke ƙin ta, kamar SAMPEA 10 da SAMPEA 14 da SAMPEA 15. Ga masara kuma akwai SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16, masu jure wuta-wuta, daga irin da ake fitarwa ta cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya. A tambayi malaman gona na KTARDA, wato hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, inda za a samu na gaskiya, domin irin da ake aunawa da kwano a kasuwa ba a san gonar da ya fito ba. Kuma iri mai juriya ba ya ɗauke wa manomi cirewa da hannu, domin wuta-wutar da ta fito a gindinsa ita ma iri za ta zubar.

Mataki na shida: noman damina a kan lokaci

Makonni shida na farko bayan shuka su ne ke yanke hukuncin damina, domin a cikinsu ne ciyawa ke ƙwace wa ƙaramar shuka ruwa da taki da haske. Noman fari a yi shi mako biyu zuwa uku bayan shuka, maimai kuma a mako na biyar zuwa na shida, a haɗa shi da tura ƙasa gindin shuka domin ta binne ƙananan ciyayin da fartanya ba ta kaiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ciyawa mai ganye biyu shafar fartanya ta ishe ta, wadda ta yi wata guda kuwa sai an sha gumi. A yi noman da safe a ranar da ake sa ran rana za ta buɗe, domin abin da aka sare ya yi yaushi kafin wani ruwan. Kada a zurfafa fartanya ba dalili, domin zurfafawa tana fito da irin da ke binne zuwa inda zai ga haske ya tsiro. Balasa kuwa, mai kauri da ruwa a jiki, ba ta mutuwa idan aka bar ta a kwance a kan danshi, sai an kwashe ta an fitar daga gona.

Aya-ayar da ta tsira daga kaftun rani, gajiyar da ita ake yi. Kowane tsiro da ta fitar, daga ajiyar ƙwayar take ciyar da shi, kuma ba ta fara mayar da abin da ta kashe sai ganyenta ya kai biyar ko shida. Idan ana sare ta duk bayan mako biyu kafin ta kai haka, ƙwayar za ta yi ta ramewa har ta ƙare, amma idan aka yi sakaci na wata guda, ta sake cika rumbunta ta kuma haifi sababbi. Wanda ba zai iya bin gonar duka haka ba, gara ya zaɓi sashe ɗaya ya tsare shi da gaske.

Bayan sara sai inuwa, domin aya-aya da kiri-kiri da tofa duk ba sa jure ta. A wuraren da suka fi yawa a shuka abin da ke rufe ƙasa da sauri kuma a matse tazara: wake mai yaɗo irin kanannado, dankalin Hausa, kabewa, guna ko kankana. A yi musu noma sosai a farkon wata har yaɗon ya haɗe, daga nan su za su ci gaba da aikin.

Lambu, wurin renon iri da tsakar gida

Mai lambu yana da dabarar da mai gonar tudu ba shi da ita, domin ruwa a hannunsa yake. Bayan ya gyara fangali, sai ya ba shi ruwa kamar ya yi shuka, ya jira kwana 7 zuwa 10 ciyawa ta fito, ya shafe ta da fartanya sama-sama ba tare da juya ƙasa ba, sannan ya yi dashe ko shuka. Idan ya yi haka sau biyu, albasa da karas, waɗanda ba sa iya kokawa da ciyawa, za su tashi a fili mai tsabta. Bayan dashen tumatir ko tattasai ya kama, a rufe tsakanin layuka da ɓuntun shinkafa, ko bawon gyaɗa, ko busasshiyar ciyawar da ba ta yi iri ba, kaurin yatsu huɗu, a bar ɗan fili a gindin shuka saboda ruɓa da gara.

Ga wurin renon iri, wanda ƙarami ne kuma mai daraja, ana iya dafa ƙasar da rana. A bazara a kafce, a baje, a jiƙa sosai, a shimfiɗa farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, a binne gefunanta da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa yana kashe irin ciyawar da ke saman ƙasa tare da wasu cututtuka, ko da yake ƙwayar aya-aya mai zurfi takan tsira, kuma baƙar leda ma huda ta take yi ta fito. Bayan an yaye ledar kada a sake kaftu mai zurfi, a kuma adana ledar domin baɗi maimakon a bar ta a fili dabbobi su ci.

A tsakar gida da gindin katanga da tsagar siminti, tafasasshen ruwa ya isa ya kashe ƙaramar ciyawa, a dai kula da yara lokacin ɗaukarsa. Kada a zuba gishiri ko baƙin mai kamar yadda wasu ke yi, domin suna kashe ƙasar na tsawon lokaci, ruwan sama kuma ya wanke su zuwa rijiya da gindin itatuwa.

Iyaka da maƙwabta

Irin wuta-wuta bai san iyakar gona ba. Ruwa mai gudu yana ɗaukarsa, kofaton shanu da bakin garma da tayar tarakta suna ɗaukarsa, don haka a riƙa fara aiki daga sashe mai tsabta a ƙare a mai cuta, a kuma kankare ƙasar da ke jikin garma kafin a shiga wata gona. Ya kamata masu gonakin da ke jere su yi magana tun kafin kaka, a gaban mai unguwa idan ya yiwu, su sa ranakun gayya biyu ko uku na cire wuta-wuta, a haɗa da gefen hanya da burtali da gonakin da masu su ba sa gari, domin a can ne take zubar da iri ba mai kula.

Wanda ke noma gonar aro ko ta haya shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya, domin yana iya zuba taki ya sha wahalar tono da cirewa, gona ta fara kyau mai ita ya karɓe abarsa. Kafin ya fara wannan aiki, ya zauna da mai gonar a gaban shaidu su yi yarjejeniyar da ba ta gaza shekara uku ba, a kuma faɗi a fili wanda zai kawo taki da abin da za a shuka a kowane sashe a kowace damina.